Littafin Girkin 'Yan Wasan Sinima: A Saya Ko A Bari?

Duk ɗan Arewa da neman abinci ya kai shi Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san lokacin da kewar gida ta fi damun mutum, watau lokacin da aka ajiye masa kwano ya buɗe. Na mutumin Yerwa ya fi tsanani, domin ya fito ne daga garin da mata ke alfahari da girki kamar yadda suke alfahari da turaren wuta da humra. Tsakanin Ikko da Maiduguri kuwa tafiya ce ta fiye da kilomita 1,500, saboda haka ba kullum ne za a je gida a ci tuwon uwa ba.

Ana cikin wannan hali sai uwargida ta bi ta kantin littattafai, ko ta wajen masu baza tsofaffin littattafai a Yaba da Ojuelegba, ta ci karo da wani ƙaton littafi mai sheƙi, a bangonsa ga hoton wani ɗan wasan sinima yana murmushi riƙe da ludayi. Irin waɗannan littattafan girke-girke sun yi yawa a duniya, kuma ba su da araha, tun da yake yawancinsu daga ƙasashen waje ake kawo su, da dala ko fam aka sayo su. Kuɗin guda ɗaya yakan kai na cefanen kwanaki. To, shin sun cancanci a taɓa kuɗin cefane dominsu, ko kuwa sunan mai littafin kawai ake saye?

Hanyar da ta fi sauƙi wajen samun amsa ita ce a auna littafin da madafar da aka san ƙwarewarta. Ga mutanen Barno mazauna Kudu, babu ma'aunin da ya wuce tsofaffin unguwannin Yerwa, irin su Limanti.

MADAFAR LIMANTI

An kafa Yerwa a shekarar 1907, lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya dawo da fadarsa can. Limanti tana cikin unguwannin da ke tsakiyar birni kusa da fadar Shehu da babban masallaci, kuma sunanta ma daga kalmar liman ya fito, kamar yadda Shehuri ta samo nata daga Shehu, Hausari kuma daga Hausawa. Unguwa ce ta malamai da manyan gidaje, inda ba a rasa baƙi, ba a rasa suna ko ɗaurin aure ko sadaka. A irin waɗannan gidaje tukunya ba ta hutawa, kuma yarinya tun tana ƙarama take zaune gefen murhu tana kallon hannun uwa da na kaka.

A ɗauki ndaleyi, tuwon da Barebari ke fitarwa ranar biki da ranar babban baƙo. Ana jiƙa gero kwana da kwanaki har ya yi tsami, a wanke shi, a markaɗa, a tace, a bar shi ya kwanta, a kwashe na sama, sa'an nan a shanya farin da ya rage a ƙasa ya bushe kafin a zo maganar tuƙi. Masanan abinci na Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, sun yi nazari a kan wannan aiki sun rubuta. Amma matar da ta iya shi ba kwana take ƙirgawa ba. Da hanci take sanin geron ya jiƙu, domin jiƙon lokacin hunturu ya fi na bazara daɗewa.

Haka burabusko, tsakin da ake turarawa a madambaci har ya yi wara-wara. Haka sinasir, wanda ake barin ƙullun shinkafarsa ya tashi, a soya gefe ɗaya a rufe, ya fito fari fat da ƙananan huji a fuskarsa. Haka danderu, naman da ake cuɗawa da kayan ƙamshi a bar shi a kan wuta kaɗan-kaɗan har ya saki ƙashi. Ga miyar karkashi da ta yakuwa da ta busasshiyar kuɓewa, ga bandar kifin Tafkin Chadi da ke zuwa ta hanyar Baga, ga man shanu a sama. Ko kanwar da ake jefawa a miya tana da ilminta. Ita ce ke ƙara wa karkashi yauƙi, ta sassauta tsamin yakuwa, ta sa wake ya nuna da wuri, amma in ta yi yawa miya ta ɓaci. Hausawa ma da sunan wani garin Barno suke kiran kanwa ungurnu.

Duk wannan ilmi ba a littafi aka gaje shi ba. Awonsa mudu ne da gwangwani da ludayi da tafin hannu. Wannan ita ce madafar da kowane littafi zai tsaya a gabanta, ko da sunan wa ke bangonsa.

TAURARIN DA SUKA SHIGA MADAFA

Ba daidai ba ne a yi wa littattafan 'yan wasa kuɗin goro, domin a cikinsu akwai na ƙwarai. A shekarar 1965, Vincent Price, Ba'amurken nan da ya yi suna a finafinan ban tsoro, shi da matarsa Mary sun fitar da wani littafi mai suna A Treasury of Great Recipes. Sun tattara girke-girken ne daga manyan gidajen cin abinci da suka ziyarta a Amurka da Turai. Littafin ya yi ƙarko, har aka sake buga shi a 2015 da ya cika shekara 50.

Sophia Loren ta Italiya ta tashi ne a wani gari kusa da birnin Naples a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ta san yunwa tun tana yarinya. A 1968, lokacin da take da ciki likita ya hana ta zirga-zirga, tana zaune a wani masauki a birnin Janeba, ta shiga gwada girke-girken gidansu tana rubutawa. Daga nan littafinta ya samo asali, ya fito a 1971. Shi kuwa Stanley Tucci, wanda kakanninsa suka yi ƙaura daga Italiya zuwa Amurka, littafinsa na 2012 ya ginu ne a kan girkin iyayensa, kuma tun a 1999 mahaifiyarsa da wani ƙwararren kuku suka fara buga ainihinsa.

Amma labarin da ya fi kusa da zuciyar mai zaman baƙunci shi ne na Madhur Jaffrey. An haife ta a Delhi ta ƙasar Indiya a 1933. A 1955 ta tafi Landan koyon wasan kwaikwayo, alhali ba ta iya girki ba. Abincin Ingila ya ƙi karɓarta, kewar na gida ta dame ta, sai ta rubuta wa mahaifiyarta takarda tana roƙon ta koya mata. Uwar ta riƙa aiko mata da wasiƙu, kowace da bayanin girki ɗaya ko biyu, ita kuma tana gwadawa a ɗakin haya, tana ɓatawa tana gyarawa. A 1965 ta ci lambar gwanar 'yan wasa mata a bikin finafinai na Berlin. A 1973 ta fitar da littafinta An Invitation to Indian Cooking, kuma a 1982 gidan telebijin na BBC ya ba ta shirin koyar da girkin Indiya. Yau an fi saninta da girki fiye da sinima.

Abin da ya haɗa waɗannan mutane a fili yake. Kowannensu ya sha hayaƙi kafin ya ɗauki alƙalami, kuma a bayan kowane littafi akwai madafa ta gaske, ta uwa ko ta kaka ko ta ƙwararren kuku. Masu sauraron rediyon Kaduna za su tuna marigayi Usman Baba Pategi, watau Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023. Ya iya wasan soja ne domin shi soja ne na gaske, ya sa kaki ya yi fareti. Haka abin yake ga ɗan wasan da ya rubuta littafin girki.

INDA GIZO KE SAƘAR

Matsala ta farko ita ce ba kowane mai suna a bango ne ya yi aikin ba. Kamfanonin ɗab'i sun san suna yana sayar da littafi, saboda haka sukan ɗauko ƙwararre ya tsara girke-girken, ya gwada, ya rubuta, tauraro kuma ya ba da fuska. A watan Maris na 2012 jaridar New York Times ta buga wani bayani a kan masu rubuta wa manya littafin girki a ɓoye, ta ambaci littafin Gwyneth Paltrow na 2011. 'Yar wasan ta fito ta musanta, ta ce da hannunta ta rubuta. Littafinta na gaba, wanda ya fito a 2013, yana ɗauke da sunanta da na abokiyar aikinta Julia Turshen a bango, amma shi ma jaridu sun soke shi a kan tsadar kayan haɗin da yake nema. Samun mataimaki ba laifi ba ne. Abin da mai saye ke bukata shi ne ya san hannun wa ke cikin miyar.

Matsala ta biyu, littafi ya yi kasuwa ba ya nufin ya cika. A 2017 wasu masana na wata jami'a a Jihar Carolina ta Arewa a Amurka sun duba girke-girke 1,497 na nama da kifi da ƙwai a cikin littattafai 29 da suka fi kasuwa a can. Guda 123 ne kaɗai suka faɗi zafin da ya kamata abincin ya kai kafin a sauke, kuma a cikin waɗannan ma akwai masu kuskure. Ba na 'yan wasa kaɗai aka duba ba, amma darasin ya shafe su. Uwargidan da ke dafa kaza har ta yi laushi kafin ta soya ba ta da wannan damuwa. Wadda za ta bi littafi ta gasa kaza a tanda kuwa, ya kamata ta san cewa sai tsakiyar naman ya kai digiri 74 a ma'aunin Selshiyos kafin a ce ya nuna.

Matsala ta uku ita ce ta fi shafar mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun. An rubuta littattafan nan ne domin madafar Turai da Amurka, inda ake awo da giram, ake da tanda mai agogo da firji da lantarkin da ba ya ɗaukewa. Iyalin da ke gidan haya mai ɗaki-ɗaki, suna girki a kan risho ko ƙaramar tukunyar gas a bakin ƙofa, rabin littafin ya riga ya fi ƙarfinsu. Sa'an nan girkin Italiya, komai kyansa, yana yawan neman giya da naman alade, waɗanda ba su shiga tukunyar Musulmi. In aka cire waɗannan, aka cire cuku da man zaitun masu tsada, sai a ga abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Girkin Indiya ya fi kusa da na Arewa. Su ma suna cin gero da dawa da shinkafa da wake, suna aiki da tsamiya da citta da kanumfari da man shanu. 'Yan Arewa kuwa sun daɗe da sabawa da finafinan Indiya, saboda haka sunan Shilpa Shetty ba baƙo ba ne. Sai dai littafin da ta fitar a 2015 tare da wani masanin abinci mai suna Luke Coutinho ya fi karkata ga tsarin cin abinci da gyaran jiki. Wanda ya saye shi domin neman abin da zai ciyar da gida mai mutum goma, ya yi cinikin biri a sama.

A nan gida ma suna da girki sun fara tafiya tare. A watan Mayu na 2023 Hilda Baci, wadda kuku ce kuma ta taɓa fitowa a fim, ta yi girkin da hukumar Guinness ta amince da awa 93 da minti 11 nasa a Ikko, jama'a suka yi cincirindo. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta yi suna da shirin girki na Akushi Da Rufi. 'Yan wasan Kannywood kuma suna da mabiya miliyoyi a intanet. Duk ranar da ɗayansu ya buga littafin girki zai samu masu saye tun kafin a buɗe shafin farko, kuma ma'aunin da aka ɗora na waje a kai shi za a ɗora nasa.

KAFIN A BIYA KUƊI

Mai niyyar saye ya buɗe littafin tun yana tsaye a kanti. Ya fara da shafin godiya, domin a nan ake ambaton wanda ya gwada girke-girken da wanda ya taimaka wajen rubutu. In an faɗi sunansu a fili, alama ce mai kyau.

Sa'an nan ya zaɓi girki goma daga wurare dabam-dabam na littafin, ya ƙirga nawa ne za a iya haɗa kayansu a kasuwar Mile 12 ko Bodija ko wadda ke kusa da shi. In ba su kai rabi ba, littafin na ado ne. Ya duba kuma ya ga hoton wa ya fi yawa, na abinci ko na mai littafin.

Ya nemi girki ɗaya da ya riga ya iya, kamar dafa-dukan shinkafa ko farfesun kaza, ya karanta yadda aka bayyana shi. In marubucin ya faɗi yadda albasa za ta yi kama kafin a zuba nama, da abin da za a yi in ruwa ya yi yawa, da abin da zai maye gurbin kayan da aka rasa, to ya taɓa tsayawa a gaban wuta. In kuwa jerin kaya ne da umarni uku a gajarce, ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Wanda ke son littafin girkin Nijeriya ba sai ya jira tauraro ba. Tun a 1934 aka buga The Kudeti Book of Yoruba Cookery, a 1957 aka buga Miss Williams' Cookery Book, a 1982 kuma H. O. Anthonio da M. Isoun suka fitar da Nigerian Cookbook. Matar Arewa da ke son ta iya miyar maƙwabtanta na Kudu za ta fi ƙaruwa da irin waɗannan.

LITTAFIN DA YA FI CANCANTA

Akwai wani littafi da ya fi duk waɗannan amfani ga iyalin Barno da ke Kudu, kuma ba a sayar da shi a kanti. Yana cikin kan tsofaffin matan Limanti da Shehuri da Mafoni da Hausari.

Shekarun nan sun nuna yadda abin da aka ɗauka yana nan daram zai iya gushewa. Rikicin da ya fara a 2009 ya tarwatsa iyalai da yawa, ya daɗe yana kawo cikas ga cinikin kifin Baga. A watan Fabrairu na 2023 gobara ta cinye babbar kasuwar Maiduguri da ake kira Monday Market. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga tsakiyar birni har fadar Shehu, ambaliyar da ba a ga irinta ba tun 1994. An gyara rumfuna, ana gyara gidaje. Amma tsohuwar da ta san ranar da jiƙon ndaleyi ya isa, in ta koma ga Allah ba ta koya wa kowa ba, babu mai dawo da abin da ta tafi da shi.

A gefe guda ga yaran da aka haifa a Ikko da Shagamu da Anacha, waɗanda bakinsu ya saba da amala da eba, ba su ganin burabusko sai an je gida da salla. Kayan haɗin ba su ne matsala ba, domin wake da gero da shanu da bandar Barno suna sauka a kasuwannin Kudu, direbobi kuma suna kawo saƙon busasshen karkashi da kanwa. Abin da ke ƙaranci shi ne mai koyarwa.

Madhur Jaffrey sai da ta jira wasiƙa ta ƙetaro teku. Yau waya tana hannun kowa. Uwargida za ta iya sayen littafin rubutu mai ƙwarin bango, ta kira uwa ko gwaggo ko kaka, ta ce, "Inna, a faɗa mini yadda ake yi tun daga farko," ta rubuta yadda aka faɗa. In an ce a zuba kaɗan, ta tambaya ko ya kai cokali. In an ce har sai ya yi, ta tambaya da me ake gane ya yi. Sa'an nan ta gwada a madafarta, ta ƙara abin da zaman Kudu ya koya mata, kamar wahalar shanya gasara a damshin damina, da saurin tashin ƙullu a ɗumin Ikko, da bambancin wutar gas da ta itace. Maigida ma yana da rabonsa, domin shi ke kawo cefane, kuma gwauraye da yawa a Kudu su ke yi wa kansu girki.

Saboda haka wanda ke da rarar kuɗi, ya sami littafin ɗan wasan da ya ci jarrabawar nan, ya saya, zai ƙaru da sanin abincin wasu al'umma. Wanda kuɗinsa ƙididdigagge ne kuwa, ya fara da littafin rubutu da katin waya. Wannan shi ne wanda 'ya za ta tafi da shi ɗakin miji, ta kuma miƙa wa tata 'yar. Allah ya ja kwanan iyaye, ya sa a amfana da su tun suna raye, amin.